RAYA TSOHUWAR A-KORI-KURA: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MAGATAKARDA

An shirya wannan darasi domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai. Da wuya a shiga wata gunduma a ƙasar Kano ba a tarar da tsohuwar mota ta yi zaman dirshan ba, ko a bayan gidan hakimi, ko a harabar ƙaramar hukuma, ko a ƙofar gidan wani attajiri da ya riga mu gidan gaskiya. Tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Galibinsu ƙananan motocin ɗaukar kaya ne, waɗanda a ke kira a-kori-kura. Yanzu mutane iri biyu ke nemansu: 'yan gwangwan masu sayen ƙarfe bisa nauyi su yanka, da waɗansu samari da dattawa da suka ɗauki raya tsofaffin motoci abin sha'awa. Gaban hakimi a kan kawo maganar, ko don gado, ko don ciniki, ko don rigima da makaniki. Saboda haka ya kamata ya san abin da a ke magana a kai.

ASALIN MOTAR A ƘASARMU

Daga tashar jirgin ƙasa ta Kano labarin ya faro. Hanyar jirgi ta iso Kano cikin 1911, a 1912 aka buɗe ta ga 'yan kasuwa, kafin a ce haka cinikin gyaɗa ya cika gari. To, amma jirgi ba ya sauka daga kan dogonsa ya shiga Ɗambatta ko Gwarzo. Tilas a kawo masa kaya har inda ya ke. Da fari jakuna da raƙuma suka yi wannan aiki, daga baya lori ta karɓe su. Kantunan Turawa suka zauna kewayen tasha. Fagge kuwa, wadda tun dā masaukin ayari ce, da Sabon Gari da aka kafa jim kaɗan bayan isowar jirgi, suka zama mazaunin direbobi da kanikawa da masu sayar da kayan gyara. Sana'ar da a ke gani yau a Sabon Gari da kasuwar Ƙofar Ruwa jikanyar waccan ce.

Lori tana son kaya mai yawa da hanya mai faɗi. Manomi mai buhu 8, da ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, ba su iya cika ta. Wannan gurbi a-kori-kura ta shiga. Ma'aikatan En'e sun fi sabawa da Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948, amma motar talakawa ita ce Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa cikin 1960, a-kori-kurarsa ta biyo baya a 1967. Sau huɗu 404 tana cinye tseren Safari na Afirka ta Gabas, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, abin da ya tabbatar wa jama'a cewa tana jure muguwar hanya. Samfurin 504 ya fito a 1968, tasa a-kori-kurar wajen 1980.

Farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa, jirgi kuma ya yi ta ja da baya. A-kori-kura kuwa sai ƙaruwa ta yi, gama a 1975 ɗin ne Janar Yakubu Gowon ya buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna, inda aka yi ta fitar da 504 har bayan shekarar 2000. Shi ya sa wannan darasi ya fi tsayawa ga Fijo: kayanta sun fi samuwa, kanikawan da suka san cikinta kuma ba su ƙare ba, ko da ya ke furfura ta kama yawancinsu.

NASU DA NAMU

A Turai da Amurka raya tsohuwar mota tsohon abin sha'awa ne. Mutanen Amurka su kan shekara suna gyaran Ford F-100 ko Chevrolet C10 a bayan gida. A Faransa motar da ta cika shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi, kamfanin Peugeot kuma ya buɗe gidan adana tsofaffin motocinsa a garin Sochaux tun 1988. Amma akwai bambanci. Tasu motar sau da yawa ta huta ne a rumfa. Tamu ba ta taɓa hutawa ba sai ranar da ta ƙi tashi, kuma kowane makaniki da ta bi ta hannunsa ya bar mata dabararsa: waya a wurin noti, roba a wurin ƙarfe, walda bisa walda. Saboda haka raya mota a nan, abu na farko, shi ne a kwance waɗannan dabaru ɗaya bayan ɗaya, a mayar da ita bisa awon da maƙeranta suka yi mata. Fenti shi ne aikin ƙarshe. Wanda ya fara da shi ya yi wa mara lafiya kwalliya ke nan.

KAFIN A TAƁA KO NOTI GUDA

Nan aikin magatakarda ya ke. Wajibi ne a san mai motar. In ta mamaci ce, dukiyar magada ce, komai lalacewarta; kada wani ɗa ya zuba mata kuɗi kafin a raba gado, domin ranar da ta tashi tana sheƙi 'yan'uwan da suka manta da ita za su tuna. In ta hukuma ce, ba ta zama ta wanda ta kwana a ƙofar gidansa ba, ko ta shekara ashirin a can; sai an bi ƙa'idar gwanjon kayan gwamnati an ba da rasit. Malam ya rubuta lambar motar, da lambar shasi, da lambar injin, ya gwada su da abin da ke cikin takardu. In lambar shasi an kankare ta, ko an buga wata bisa wata, a dakatar da ciniki a sanar da 'yan sanda.

A kuma duba gefen da sitiyari ya ke. Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama ran 2 ga Afrilu 1972. Motar da aka sayo kafin wannan rana galibi sitiyarinta na dama, kada a kashe mata kuɗi sai an ji ta bakin ofishin V.I.O. game da hawa titi da ita.

Bayan takardu sai shasi, watau ƙashin bayan mota. A wanke ƙarƙashinta, a bi da guduma ana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin na baya ya kama da inda akwatin kaya ya haɗu da gidan direba. Ƙarfe mai lafiya ya kan amsa da ƙara, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ya amsa kamar ruɓaɓɓen itace. Sa'armu a ƙasar Kano iska busasshiya ce, tsatsa ba ta yi mana irin ɓarnar da ta ke yi a Ikko. Amma motar da ta yi dakon taki ko gishiri ko ɗanyar fata ta kan ruɓe daga akwati. In shasi ya karye an ɗinke shi sau biyu sau uku, ko ya murɗe har motar na tafiya a karkace, a haƙura. A cire kayanta masu amfani domin wata, a bar wa 'yan gwangwan saura.

INJIN

Abin da ya sa injin Fijo ya daɗe a hannunmu shi ne yadda aka gina shi. Injin fetur na 404 mai silinda 4 ne, girmansa sisi 1,618. Babban na 504 kuwa 1,971. Kowane fistin yana hawa da sauka cikin wani bututun ƙarfe da a ke iya zarewa, ruwan sanyaya injin na kewaye da shi. In bututu ya cinye, a zare a sa sabo da fistin da zobbansa, injin ya koma kamar jiya aka yi shi. Ana iya yin haka sau da dama ba a taɓa uwar injin ba.

Amma wannan falala tana da tarko, kuma nan ne yaran kanikawa ke faɗawa. Ƙarƙashin kowane bututu akwai ɗan abin toshiya mai hana ruwa zuba cikin baƙin mai. In an ɗaga kan injin, sa'an nan wani ya juya injin ba tare da an danne bututun ba, sai su motsa, toshiyar ta lalace. A ɗaure komai, a tayar, bayan kwana kaɗan a ga baƙin mai ya koma kamar kunu. Rigingimu da yawa tsakanin mai mota da makaniki daga nan su ke. Kan injin kuma na alminiyum ne, in ya yi zafi ƙwarai ya kan lanƙwashe. A auna shimfiɗarsa kafin a mayar, a sa sabon gasket, a ɗaure kusoshinsa daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Ƙarfin damtse ba awo ba ne.

Saiti ba ya bukatar kuɗi mai yawa, haƙuri ya ke so. Injin yana sanyi a ke saita bawul: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Bakin kwantak 0.40. Wuta na bin silinda bisa wannan jeri, 1, 3, 4, 2, kuma a lura Faransawa daga baya su ke fara ƙirga, watau ta ɗaya ita ce ta kusa da giya. Sai an gama waɗannan a taɓa kafireto. Yawancin abin da a ke ɗora wa kafireto laifin wuta ne ko na bawul.

Abu biyu yanayinmu ke bukata. Na farko ƙurar hunturu. Fijo da aka yi domin Afirka tana da matatar iska mai kwanon mai a ƙasa, ƙura na faɗawa ciki ta maƙale. A riƙa wanke kwanon ana sabunta man, kada a yar da ita don an ga tsohon yayi ce. Na biyu ruwa. Ruwan rijiya mai kanwa ya kan toshe lagireto sannu a hankali, sai zafin Afrilu ya zo ya tona asiri. Da yawa kanikawa kan cire ɗan bawul ɗin nan mai tsare ruwa har injin ya yi ɗumi, suna cewa na ƙasar sanyi ne. Ba mu yarda da wannan ba. Injin da ba ya kai ɗuminsa, balle da asubahin hunturu, ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. In mota na zafi a wanke lagireto, a duba famfon ruwa da fambel.

SAUYE-SAUYE

Ba kowane sauyi ne abin ƙi ba. Sabbin wayoyin wuta, da fitilu masu haske, da sabbin robobin birki, da bel na ɗaure fasinja, duk alheri ne, masu son a bar mota yadda ta fito ma ba su musu. Sauyin da ke kashe mutane shi ne ƙara ganyen sifirin. An yi a-kori-kurar Fijo domin kaya kimanin tan guda, watau buhun masara 10 mai kilo 100. Mai mota ya ƙara ganye uku ko huɗu, ya ga baya ba ta durƙusa ba, ya loda buhu 20, mutane kuma su hau bisa. Sifirin kaɗai aka ƙara wa ƙarfi. Birki na nan yadda ya ke, haka taya, haka shasi. Duk wanda ya bi hanyar Dawanau ranar da hatsi ke shigowa ya ga irinsu. Hakimi na da bakin faɗa wa shugabannin tasha na gundumarsa wannan magana, sun kuwa fi jin tasa da ta takarda.

Wanda ya sa wa Fijo injin wata mota, Toyota ko Nissan, lalle ya kai a gyara lambar injin a takardu, ya kuma sani darajarta ta ragu a idon masu neman ta asali. Taya kuwa tana da ranar haihuwa a jikinta, lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi kada a hau tayar da ta wuce shekara 4, ko da zanenta bai goge ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, mutane da yawa sun nemi mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas. Tsohon injin Fijo na karɓar wannan, akwatin baya kuma na da wurin tukunya. Amma tukunyar mota daban ta ke da ta girki, gama matsin da ke cikinta ya ninka na waccan sau da yawa. Cikin 2024 wata mota ta fashe a gidan sayar da gas a birnin Benin, aka gano tukunyarta ƙirar 'yan walda ce. Kada a yarda da kowa ya yi wannan aiki sai wurin da gwamnati ta amince da shi, da takardar shaida.

In aiki ya kammala, magatakarda ko mai motar ya buɗe mata littafi nata na kanta, irin wanda a ke riƙe wa motocin En'e a dā: ranar da aka sa kowane abu, da inda aka saye shi, da kuɗinsa, da sunan makaniki, da mil ɗin da ta yi. A riƙa tayar da ita ana zagayawa ko sau ɗaya a mako, domin birki da batir da robobi sun fi lalacewa a tsaye. Wanda kuma ya sami tsohon makanikin Fijo a Fagge ko Sabon Gari, ya haɗa shi da yaro mai karatu ya zauna kusa da shi yana rubuta awon da ya ke faɗa.