Darasi na 14: Wayar hoto da wayar murya

1. Mu karanta

A Madarumfa, idan ɗari ya shigo aka fara kokowar ƙasa, zauren gidanmu cika yake yi, don a nan talabijin take. Maƙwabta su zo da tabarminsu. Yara su zauna ƙasa, samari su tsaya bakin ƙofa. In an ka da wani, sai ka ji ihu har bakin tabki.

Inna ba ta zuwa zaure. Zaure wurin maza ne, kuma gwiwoyinta sun daina ɗaukarta. Amma duk gidan ba wanda ya kai ta son kokowa. Tana yarinya aka yi gasar farko a Tawa, a 1975, Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya. Har yau ba ta manta murnar da aka yi ba. In ta ji ihu daga zaure, sai ta kira jikanta ta ce: «Maza je ka gano mini wa ya faɗi.»

Wata rana ƙanena ya kawo mata ƙaramar talabijin, muka ajiye a ɗakinta. Muka kunna, ba hoto, ba murya. Dikoda, wato akwatin da ke karɓo shirye-shirye daga faranti, tana can zaure.

Inna ta ce: «Malam, wannan akwatin naku ba ya magana ne?»

Na ce: «Inna, sai an ja masa waya daga zaure.»

Ta ce: «To, a ja mana. Me ake jira?»

Na ɗauko ragowar wayar lantarki da aka sa wa ƙwan fitila, na ƙulla, na ja har ɗakinta. Hoto ya fito, amma yana rawa. Kowane ɗan kokowa yana da inuwa a gefensa. Murya kuma sai gunji, kamar ƙudan zuma sun shiga tulu.

Inna ta duba, ta duba, ta ce: «Mutum biyu ke kokowa, ni huɗu nake gani. Kashe abinka.»

Kashegari na tafi Maraɗi wajen wani mai gyaran rediyo, na faɗa masa abin da ya faru. Ya yi dariya ya ce: «Mushe, ai ba kowace waya ke ɗaukar hoto ba.» Ya yanko guntuwar wata waya, ya feɗe ta, ya nuna mini cikinta. Abin da na koya a wurinsa, da abin da na karanta daga baya, shi ne darasinmu na yau.

2. Mu lura

Ga guntuwar wayar eriya. Kowane rukuni ya karɓi ɗaya. Mu dube ta daga waje zuwa ciki, kamar yadda muke duba karan dawa daga ɓawo zuwa totuwa. Abu huɗu za mu gani.

Na farko, riga. Roba ce, baƙa ko fara. Tana kare waya daga ruwa da ƙura.

Na biyu, raga. Siraran wayoyi ne da aka saƙa suka kewaye waya duka. Sau da yawa akwai farar takardar ƙarfe a ƙarƙashinta.

Na uku, farar roba mai kauri. Wuta ba ta ratsa ta. Ita ke raba raga da abin da ke tsakiya.

Na huɗu, zuciya. Waya ce guda ɗaya, mai launin jan ƙarfe, a tsakiya sosai.

Yanzu mu duba bayan dikoda. Akwai ramuka uku a jere: rawaya, fari, ja. Rawaya na hoto ne. Fari da ja na murya ne: fari muryar hagu, ja muryar dama. Abin da ake cusawa cikin ramin shi ne kan waya. Yana da tsinke a tsakiya, da zobe a kewaye. Ana kiransa RCA, sunan kamfanin Amurka da ya fito da shi.

3. Mu gane

A darasin batir da ƙwan cocila mun ga cewa wuta ba ta tafiya sai tana da hanya biyu: hanyar zuwa da hanyar dawowa. Hoto da murya ma, cikin waya, wuta ce ƴar kaɗan. Zuciya ita ce hanyar zuwa. Raga ita ce hanyar dawowa.

Wutar hoto ba ta da ƙarfi. Wajen volt 1 ce kawai, ba ta kai ko batir guda na cocila ba, mai volt 1,5. Wutar NIGELEC da ke cikin gidajenmu kuwa volt 220 ce, kuma tana kai da kawowa sau 50 cikin daƙiƙa guda. In wayar murya ba ta da kariya, ta bi kusa da wayar lantarki, sai ta kwashi wannan kaɗawa. Shi ne gunjin da Inna ta ji. Raga tana kewaye zuciya ta ko'ina, tana tare wannan hayaniya. Ke nan aikinta biyu: hanyar dawowa ce, kuma garkuwa ce.

Inuwar fa? Ku duba rubutun da ke jikin rigar wayar. Za ku ga an sa 75 Ω, ana karantawa «om 75». Dikoda da talabijin su ma an yi ramin hotonsu a kan om 75. In waya ta dace da su, hoto yana isa ya shige gaba ɗaya. In ba ta dace ba, kuma tana da tsawo, wani ɓangarensa yakan dawo baya, ya sake komawa a makare, kamar muryar wanda ya yi kira cikin rijiya. Wanda ya makara shi ne inuwa.

Wannan dabara ta sa waya cikin waya tsohuwa ce. Wani masani ɗan Ingila, Oliver Heaviside, shi ya yi rajistarta a 1880, tun ba a ƙirƙiro talabijin ba.

4. Yadda ake yi

Wannan aikin babba ne. Yaro yana taimakawa da awo da riƙo da gwaji. Reza da ƙarfen narka dalma suna hannun babba.

Kayan aiki: wayar eriya mai om 75, kawunan RCA guda 6, reza, almakashi, dalma da ƙarfen narka ta, baƙar roba mai danƙo ta naɗe waya, da igiya. A zaɓi waya mai ragar jan ƙarfe, don farar raga ta sanholo ba ta kama dalma.

a) A auna hanya da igiya. Kada a auna ta sama kamar tafiyar tsuntsu. A bi bango, a bi lungu, yadda waya za ta bi. A gidanmu mun sami mita 14, muka ƙara mita 1 don kada ta ɗaure.

b) A yanka waya uku masu tsawo ɗaya: ta hoto guda, ta murya biyu.

c) A zura murfin kan waya tun kafin a fara liƙi. Wanda ya manta, sai ya kwance aikinsa.

d) A cire riga kamar santimita 2, a hankali, kada reza ta yanke raga. A tattara raga gefe guda, a murɗe ta kamar zare.

e) A cire farar roba kamar rabin santimita, zuciya ta fito.

f) A liƙa zuciya ga tsinke, a liƙa raga ga zobe. A duba da kyau. Ko silin raga guda ya taɓa zuciya, hoto ba zai zo ba, don wuta za ta juya tun daga nan ba ta isa talabijin ba.

g) A rufe murfi. A sa alama iri ɗaya a bakin kowace waya, nan da can, don a san ta hoto da ta murya.

5. Mu gwada

Kafin a kafa waya a bango, sai a gwada ta. Batir guda, ƙwan cocila da guntayen waya biyu sun isa. A kawo bakin wayar biyu kusa da juna, a yi gwaji uku.

Tsinke da tsinke: ƙwai ya kama. Zuciya ba ta tsinke ba.

Zobe da zobe: ƙwai ya kama. Raga ba ta tsinke ba.

Tsinke da zobe: kada ƙwai ya kama. In ya kama, raga tana taɓa zuciya. Sai a buɗe kawunan a gyara.

Wayar da ta ci gwaji uku, ita ake kafawa. Rawaya zuwa rawaya, fari zuwa fari, ja zuwa ja. A talabijin, a zaɓi wurin da aka rubuta AV.

Dikodarmu tana da wata mafita dabam, HDMI, ita muka bar wa talabijin ta zaure. Ramuka ukun muka ba Inna. In aka raba rami guda na rawaya ga talabijin biyu, hoto yakan dushe, don ƙarfinsa ya rabu.

6. Hattara!

A cire dikoda da talabijin duka biyu daga wuta kafin a haɗa ko a cire waya.

Wayar hoto ba ta shiga ramin lantarki, ko da wasa. Volt 220 tana kashe mutum.

Ba a buɗe bayan talabijin. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana riƙe wuta mai ƙarfi a cikinta ko bayan an kashe ta.

Kada wayar hoto ta yi tafiya manne da wayar lantarki. In dole su haɗu, ta gitta ta wuce.

In za ta ratsa tsakar gida, a zura ta cikin tiyo, saboda rana da ɓeraye da awaki.

Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a kashe, a cire wayoyi.

7. Ƙarshen labari

Ranar da muka gama, hoto ya fito tas, murya garau. Inna ta gyara zama a kan gadonta, matan gida da na maƙwabta suka cika ɗakin. Da aka ka da wani, guɗarsu ta riga ihun zaure tashi.

Abu guda ya rage. Dikoda ɗaya ce, don haka abin da ake kallo a zaure shi ake gani a ɗaki. Ran nan samari suka juya zuwa ƙwallo. Sai ga jikan Inna a guje: «Kaka ta ce a mai da mata kokowarta!» Aka mayar.

Mu sani

Talabijin ta fara aiki a Nijar a 1964, don koyar da yara a lakkol. A 1979 aka buɗe Télé Sahel domin jama'a duka.

Mu riƙe

Wayar hoto tana da zuciya da raga. Zuciya tana kai saƙo. Raga tana mai da wuta, tana kuma kare saƙo. Zuciya da raga ba sa taɓa juna.

Hausa da Faransanci

wayar eriya: le câble coaxial
zuciya: l'âme
raga: la tresse
kan waya: la fiche
liƙi da dalma: la soudure

Tambayoyi

1. Me ya hana Inna zuwa zaure?
2. Faɗi abubuwa huɗu da ke cikin wayar eriya, daga waje zuwa ciki.
3. Mene ne aiki biyu na raga?
4. An gwada tsinke da zobe, ƙwai ya kama. Me ya faru?
5. Don me ba a buɗe bayan talabijin?

Lissafi

Daga zaure zuwa ɗaki, waya za ta bi bango mita 5, ta ratsa tsakar gida mita 8, ta shiga ɗaki mita 3. An ƙara mita 1. Mita nawa ne tsawon waya guda? Mita nawa za a saya don waya uku? A ce mita guda dala 30 ne, nawa za a biya?

Aiki

Zana wayar eriya a littafinka. Rubuta sunan kowane ɓangare da Hausa da Faransanci.