Darasin Bayoloji a Gonar Citta

Malamin bayoloji a Fadan Kagoma ba sai ya jira kayan ɗakin gwaji ba. Ga gonakin citta nan kewaye da gari.

A daminar 2023 cutar fangas ta ruɓar da citta a Kudancin Kaduna, musamman Kachia, Jaba da Kagarko, manoma suka tafka asara. Ɗaliban da abin ya shafi gidajensu ba sa buƙatar dogon bayani. Malam ya sa su tono citta lafiyayya da ruɓaɓɓiya, su yanka, su zana, su kwatanta ƙasar da ruwa ke kwanciya da wadda ke tsanewa.

Darasin zaizayar ƙasa kuwa, a kai su magangarar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, amma da rani, domin duwatsun na da santsi da damina.