Ina Ya Kamata Ka Ajiye Kalmomin Sirrin Wayarka?

Duk lokacin da waya ta tambaye ka ko ta adana kalmar sirrin da ka shigar, ka amince, ba a cikin wayar kaɗai kalmar take zama ba. A Android tana tafiya asusunka na Google, a iPhone kuma iCloud Keychain. Idan aka ƙwace wayar ko ta faɗa ruwa, kana shiga asusun a sabuwar waya komai zai dawo.

Ni ina goyon bayan wannan ajiya. Ta fi aminci nesa ba kusa ba a kan ɗaukar hoton kalmomin, ko tura wa kai ta WhatsApp, ko fitar da su daga Chrome a fayil ɗin CSV, wanda rubutu ne a fili ba kulle.

Hatsarin yana ga lambar buɗe allo. Wanda ya san ta, ya kuma riƙe wayar, zai iya ganin duk kalmomin da ka adana. Ɓarawon da ya leƙa hannunka a cikin adaidaita sahu kafin ya fizge, ko mai gyaran da ka faɗa wa lambar, ba ya buƙatar wata ƙwarewa. Saboda irin wannan Apple ya fito da Stolen Device Protection a 2024. Masu iPhone su kunna shi. Lambar buɗe allon kuwa ta kai aƙalla lambobi shida, kada ta zama shekarar haihuwarka. Masu Samsung su sa Maintenance Mode kafin su miƙa waya gyara.

Kamfanoni ma ana kutsa musu: a 2022 an sace kwafin ma'ajiyar masu amfani da manhajar adana kalmomin sirri ta LastPass. Don haka lambar katin banki da ta tura kuɗi su zauna a kai, kada su shiga waya.

Mabuɗin asusun Google ko iCloud ɗin kansa kuwa, ajiye shi wajen waya. Kunna tantancewa mataki biyu, Google zai ba ka lambobin gaggawa 10. Rubuta su da kalmar sirrin asusun a takarda, ka haɗa da takardun gida. Sa wa layinka lambar kulle, domin ta saƙon layi ake yawan ƙwace asusu.

Don Allah, yi wannan tun wayar tana hannunka.