Ƙarin Girma a Wurin Aiki: Albashi Ko Hanyar Ci Gaba?

Ran 1 ga Mayu Ikilisiya takan yi idin Waliyi Yusufu Ma'aikaci, wanda Paparoma Pius na 12 ya kafa a 1955. Saboda haka darasinmu na wannan wata ya shafi tambayar da takan sami malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da na ofis a cikinmu: in an yi mana tayin ƙarin girma, da wane ma'auni za mu auna shi? Wani muƙamin yakan zo da albashi mai tsoka, amma daga nan hanya ta ƙare. Wani kuwa ƙarinsa kaɗan ne, ga nauyi, amma akwai horo da damar ci gaba.

Neman albashi mai kyau ba zunubi ba ne. Paparoma Leo na 13, cikin wasiƙarsa Rerum Novarum ta 1891, ya koyar cewa dole lada ya isa riƙe ma'aikaci. Paparoma Yohanna Bulus na 2 kuma, cikin Laborem Exercens ta 1981, ya nuna cewa ladan adalci shi ne wanda zai isa riƙon iyali. Wanda kuɗin makarantar yara da jinyar iyaye suke wuyansa, in ya zaɓi albashin da ya fi, bai yi laifi ba. Amma mu yi lissafi sosai. In muƙamin ya zo da canjin gari, hayar gida biyu da tukunya biyu da kuɗin mota za su iya cinye ƙarin, yara kuma su tashi ba sa ganin mahaifinsu sai ƙarshen wata.

Mu duba Farawa sura 13. Da Abram ya ba Lutu zaɓi, Lutu ya ga kwarin Urdun da ruwansa, ya ɗauka, bai kula da halin mutanen Saduma ba. Ƙarshenta ya fita daga can da ransa kaɗai da 'ya'yansa mata biyu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sulemanu kuwa, cikin 1 Sarakuna sura 3, ya roƙi hikimar da zai iya aikin da aka ɗora masa, Allah ya ba shi, ya ƙara masa da dukiya. Duk da haka ci gaban ma yana iya zama gunki, in sunan muƙami kawai muke bi.

Tambayoyi domin nazari a ƙungiyoyinmu:

1. Bayan an cire dukan kashe-kashe, nawa ne ainihin ƙarin?
2. Me za mu koya a wurin da zai amfani jama'a nan da shekara biyar?
3. Kujerar za ta tilasta mana karɓar cin hanci ko sa hannu a kan ƙarya?
4. Mun yi shawara da abokin aurenmu? Za mu sami halartar Misa ran Lahadi?

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu zuciya mai ganewa, domin mu zaɓi abin da zai ciyar da iyalinmu ba tare da ya raba mu da kai ba. Waliyi Yusufu, ka yi addu'a dominmu. Amin.