Me Ya Sa Kayan Gwari Ke Gumi a Cikin Mota?

Direbobi da 'yan dako da ke aiki tsakanin Farfaru, Magama da Ɗan Issa sun san wannan matsala. Motar tumatir ko albasa ta kwana a bakin iyaka, da safe a zura hannu tsakiyar lodi a ji zafi, alhali daren ya yi sanyi. Da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, motoci sun yi cirko-cirko a Jibiya, kuma ɗanyen kaya ne ya fara lalacewa. Amma ko ba rufe iyaka, jinkirin kwana biyu ya isa ya cinye ribar ɗan kasuwa.

Da yawa suna ɗora wa rana laifi. Masana kuwa sun ce kayan da kansu ma suna fitar da zafi.

Tumatir bai mutu ba don an tsinke shi. Ƙwayoyin halittarsa suna nan da rai, suna numfashi. Suna jan iskar oksijin, su ƙona sukarin da ya tara tun yana gona, a wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya. Daga nan suke samun ƙarfin rayuwa, su fitar da ruwa da iskar kabon-dayoksaid. Hans Krebs, wanda ya bayyana zuciyar wannan aiki a 1937, ya samu kyautar Nobel a 1953. Abin da ya shafi ɗan kasuwa shi ne, fiye da rabin ƙarfin da ke cikin sukarin zafi yake zama. Wannan ne ɗumin da hannu ke ji, ruwan da ke fita daga jikin kayan kuma shi ne gumin.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi na ƙara saurin numfashi. Duk ƙarin digiri 10, numfashin kan ninka sau biyu ko uku. Kaya ya yi zafi, numfashi ya ƙaru, zafin ya daɗu. Tunda an raba shi da uwarsa, abin da ya ƙona ba ya dawowa: nauyi ya ragu, zaƙi ya tafi, jiki ya saki. Idan kuma an lulluɓe shi da tamfol har oksijin ya ƙare, ƙwayoyin sukan koma wata hanya da ke haifar da sinadarin barasa, sai wari mai tsami ya tashi.

Don haka ɗanyen kaya iska yake bukata. A tsinke tumatir da sanyin safiya, a ajiye a inuwa kafin lodi. Akwatunan roba masu huda sun fi kwando, domin ba sa danne na ƙasa kuma iska na ratsawa. A tsince fasasshe da wanda ya nuna sosai: rauni na hanzarta numfashi, nunanne kuma yana fitar da iskar etilin da ke nunar da na kusa da shi. Albasa, ko ta Galmi ce mai jure ajiya, sai wuyanta ya bushe sarai kafin ta shiga buhu mai raga. In mota ta tsaya, a nemi inuwa, a ɗaga tamfol ta gefe.

Busasshen hatsi kuma akasin haka ne. Wake ko masarar da laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa, numfashinta kaɗan ne. Ƙwari ne ke numfashi da ƙarfi a cikinta. A kan wannan aka gina buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen gwada shi. Ledoji biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa. In an ɗaure kowanne tam, ƙwarin su shanye oksijin ɗin da ya rage, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da maganin feshi ba.

Sharaɗin shi ne hatsin ya bushe ƙayau kafin ɗauri, domin mai laima zai yi tsami ko fumfuna. A duba ledojin kada a samu huda, a ɗora buhunan kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa kwancewa sai ranar da za a ɗiba.