Haɗa Injin Sassaƙar Ƙarfe da Kwamfuta Cikin Rahusa

Wannan inji yakan juya ƙarfe, ma'aikaci kuma ya riƙa tura wuƙar da mariƙai biyu. Domin kwamfuta ta karɓi aikin, sai a cire mariƙan, a ɗaura wa kowane sukuru ƙaramin injin lantarki mai juyawa taki-taki. Galibinsu taki 200 ke cika zagaye guda. Idan zagayen sukuru yana tura wuƙa milimita 2, kowane taki milimita 0.01 ke nan. Manhajar LinuxCNC kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma ta wadatar.

Sai dai ɗalibi ya lura, tsohon sukuru yakan yi sako-sako cikin notinsa. Hannun gwani yana jin haka ya gyara, kwamfuta kuwa ba ta ji. A nan ya kamata a kashe kuɗi, a sayi sukuru mai boris.