Darasin Juma'a: Ajiyar Tsufa a Zinare



Mu 'yan kasuwa da ke zaune a nan kudu, mafi yawanmu ba mu da fansho. Mai goro, mai albasa, mai shanu, ɗan canji, abin da mutum ya ajiye da ƙarfinsa shi zai ci ranar da ƙafa ta gaza. Kowa kuma ya ga abin da ya samu naira: a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa tambaya ta yawaita bayan salla: Malam, in mayar da ajiyata zinare?

Halal ne. An hana namiji sanya zinare a jiki, amma ba a hana shi mallaka ba. Sai dai a kula da abu huɗu.

Na farko, hannu da hannu. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya sa zinare da azurfa cikin abubuwa shida da riba ke shiga. Ka biya, ka karɓi kayanka kafin ku rabu. Babu bashi, babu biya kaɗan-kaɗan. Malamai da dama na wannan zamani sun yarda da turawa ta banki, muddin kuɗin sun shiga kuna tare. Wanda ya ce ka turo kuɗi zai ajiye maka gwal a Dubai ana ba ka riba duk wata, ka guje shi. Hajiya mai son canza tsohuwar sarƙa da sabuwa kuwa, ta sayar da tsohuwar ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sabuwar.

Na biyu, zakka. Nisabin zinare mithƙali 20 ne, wato giram 85. Na azurfa giram 595. In shekara ta zagayo, a fitar da biyu da rabi cikin ɗari. A mazhabar Malik, kayan ado da mace ke sawa babu zakka a kansu, amma wanda aka ɓoye don ranar buƙata akwai. Kuma ana haɗa shi da kuɗin da ke hannu wajen cika nisabi.

Na uku, zinare ba ya haihuwa. Saniya tana haihuwa, gida yana kawo haya, shi kuwa yana kwance. Mai giram 100 na tsantsar zinare, in daga cikinsa yake fitar da zakka, bayan shekara bakwai zai koma ƙasa da giram 85. Farashi ma yana faɗuwa: daga 2011 zuwa ƙarshen 2015 ya sauko daga wajen dala 1,900 kowane oza zuwa kusan 1,050. Don haka kada Alhaji ya kwashe jarin shago ya zuba a ciki. A raba: wani abu a zinare, wani a sana'ar da ke kawo na cefane.

Na huɗu, sanin kaya. Mai lamba 24 shi ne tsantsa. Mai 21 kashi 87.5 ne cikin ɗari, mai 18 kuma kashi 75. Sarƙa da awarwaro akwai kuɗin ƙira a kansu, kuma ba ya dawowa ranar sayarwa. Je da wanda ya san gwal, a gwada, a ɗora a sikeli a gabanka, a rubuta nauyi da lamba a rasit.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, muna zaune nesa da gida, kuma rai ba a hannunmu yake ba. Kada ka ɓoye dukiya inda kai kaɗai ka sani. Rubuta abin da ka ajiye da inda yake, ka sanar da amintattu biyu, don kada haƙƙin magada ya salwanta.

Allah ne mafi sani. Allah ya sa mu gama lafiya.